Kumburin ciki bayan fara maganin homon na ɗaukewar haila: abin da za ki yi kahin ki aje shi

Ƴan uwa mata, musamman iyayenmu da yayyenmu da suka haura arba'in da biyar, maganar ga taku ce. Mace haila ta ɗauke mata, ta sha wahalar zahin nan da ke taso mata daga ƙirji zuwa huska, gumi cikin dare har sai ta canza zane, barci ya ƙaurace, ta daure ta tahi wajen likitan mata ya rubuta mata maganin homon, wato mai maida sinadarin da ke raguwa a jiki in haila ta ɗauke, sati biyu ko ukku zahin ya fara sauƙi, sai kuma ciki ya ɗauka. Kumburi, gyatsa, tashin zuciya da sahe, kwana biyu ba bayan gida, zanen da take ɗaurawa lahiya lau yanzu shina bar mata shaida a ƙugu. Sai ta yi shiru ta tura kwalin ƙarƙashin katifa, in an tambaye ta ta ce "ai bai karɓe ni ba". Shirun ga nike so mu bari, don mafi yawan kumburin nan shina da gyara, wanda kuma ba ya gyaruwa a gida shi ne ma ya fi buƙatar a kai shi asibiti da wuri.

Ki fara da sanin mi kike sha. Yawancin mata haila na ɗauke masu tsakanin shekara 45 zuwa 55, ana kuma cewa ta ɗauke in an yi wata 12 cur ba a gan ta ba. Abin da ya ragu a jiki shi ne homon da ake kira estrojen, shi likita ke maida maki, ko ƙwaya kamar Progynova, ko jel na shafawa kamar Oestrogel da Estreva, ko filasta da ake mannawa a fata. In mahaifarki na nan ba a cire ta ba, dole a haɗa maki da na biyu, projesteron ko danginshi, irin su Utrogestan da Duphaston, aikinshi ya tsare bangon mahaifa kar ya yi ta kauri. Duka biyun suna taɓa ciki amma kowane da hanyarshi. Estrojen shina sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, in kuma ƙwaya ce tana iya tada zuciya. Projesteron shi sassauta naman hanji yake yi, abinci ya rinƙa tahiya a hankali, iska ta taru, bayan gida ya yi tauri, har bakin tumbi ma ya saki ƙwannahi ya rinƙa tasowa. Duk wadda ta taɓa yin ciki ta san wanga yanayi, homon ɗin ne dai guda.

To kumburin naki wane iri ne? Nan nike so ki tsaya da kyau don maganin ya bambanta. In ruwa ne, za ki ga ba ciki kaɗai ba, zobe ya matse yatsa, awarwaro ba ya hita da sauƙi, nono ya yi nauyi shina ciwo, da marece takalmi ya kama ƙafa. In iska ce, kin tashi da asuba ciki a kwance, kahin la'asar ya tashi kamar ganga, kina gyatsa ko iska ta hita sai ki ji sauƙi. In kuma taurin bayan gida ne, ke ma kin sani, sai kin yi nishi, kin hito ba ki ji kin gama ba, mara ta yi nauyi. Wata ma duka ukkun ne suka haɗe mata. Akwai na huɗu da ba kumburi ba ne sam, kitse ne da ke komawa tumbi a waɗannan shekarun ko ana shan magani ko ba a sha, shi ba ya hawa da sauka tsakanin sahe da marece, kuma binciken da aka yi bai nuna maganin homon ne ke kawo ƙibar ba, kar ki ɗora mashi laihin da ba nashi ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa, ki samu ɗan littahi irin na ƴan lakwal, ko ki sa ɗiyarki ta buɗe maki wuri a waya. Kullum da dare layi guda: mi na ci yau, ƙarhe nawa na sha magani, na yi bayan gida ko ban yi ba, ciki ya tashi ko bai tashi ba. In ba ki rubutu, zare ma ya isa, ki auna cibiya da sahe ki ƙulla, ki sake aunawa bayan isha'i ki ga tazarar. Amfaninshi babba ne ga masu shan projesteron kwana 12 zuwa 14 kawai a wata, don in kika duba kika ga kumburin cikin waɗannan kwanakin yake zuwa ya tahi bayan sun wuce, kin kama mai laihin ke nan, kuma likita zai ji daɗin aiki da ke fiye da wadda ta zo ta ce "ciki ne dai ke damuna".

Yanzu abin da za ki iya yi a gida. Ƙwayar estrojen kar ki sha ta ciki ba komi, ki sha bayan kin ci wani abu, ko ki maida ta dare in tashin zuciyar sahe ne ke damunki, amma ki tsaida lokaci guda kullum. Ita kuwa Utrogestan lokacin kwanciya ake shan ta don tana sa barci da ɗan jiri, kuma an fi so a bar tazara tsakaninta da abinci, kamar awa biyu, saboda abinci na ƙara yawan abin da jiki ke zuƙa sai jirin ya ƙaru. Ruwan citta mai ɗumi ba sukari da yawa shina taimakon tashin zuciya.

Sai gishiri, kuma wallahi nan ne aikin yake a gidajenmu. Hukumar lahiya ta duniya ta ce babba kar ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokalin shayi guda ke nan, duka da na cikin miya da na cikin komi. Ki lissafa tukunyarmu: gishiri, dunƙulen magi ukku ko huɗu, a kawo yaji shi ma da magi a ciki, da marece a aiko da tsire ko kilishi, ga taliyar leda da yara suka saba mana da ita. Jikin da estrojen ya riga ya sa shi riƙon ruwa kika ƙara mashi wanga, ina zai kai shi? Ba na ce ki ci lami ba, ki rage rabi, ki ƙara daddawa da tafarnuwa da citta da kanumfari su ɗauki ɗanɗanon, a hankali harshe zai saba. In gidan da yawa ne kuma ba ke ke girki ba, ki sa a ɗebe maki miyarki kahin a zuba na ƙarshe.

Dan Allah maganar kanwa. Na san mun gada, ciki na kumbura a jiƙa kanwa ko ungurnu a sha, a yi gyatsa mai ƙarhi a ce alhamdulillahi ta hita. Gyatsar nan kanwar ce ta haɗu da tsamin tumbi ta haifar da iskar, kuma kanwa dangin gishiri ce, sodiyom ne cike da ita, kin samu sauƙin minti goma kin ƙara ma jiki abin riƙe ruwa, in kina da hawan jini kin ƙara mashi wuta. Ɗan ƙanƙanen da ake jefawa a miyar kuɓewa ko wake ba shi nike nuhi ba, jiƙon da ake sha kullum a matsayin magani shi nike roƙo a bari.

In iska ce matsalar, ba sai kin haramta ma kanki wake ba, mu da shinkafa da wake da ɗan wake da ƙosai ai sai Allah. Ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan jiƙon, ki tafasa ki sake zubar da na farko, ya dahu luguf, ki ci kaɗan ki ga. Abubuwan da suka fi tada iska bayan wake: shu ɗanye, albasa ɗanya da muke yankawa bisa komi, awara ga wasu, lemun kwalba mai gas, cingam, da madarar gari a shayi don manya da yawa hanjinsu ba ya narkar da sukarin madara sosai, nono mai tsami ya fi sauƙi. Kar ki cire su duka rana ɗaya, ba za ki san wane ne ba kuma za ki zauna da yunwa. Ki cire guda na sati ɗaya ki duba littahinki, in ba canji ki maido shi ki cire wani. Hura ma a lura, ba ita ce matsalar ba, cika kwano a shanye a tsaye da tsakar rana a kwanta shi ne. Ci kaɗan-kaɗan sau huɗu ya fi a cika tumbi sau biyu.

Akwai abin da mata ba su faɗa ko ma likita, shi ne alwala. Mace ta yi alwalar azahar tana so ta kai ta la'asar, ko tana wajen biki ko islamiyya cikin mutane, sai ta yi ta matse iska awa da awanni, ciki na murɗawa tana daurewa. Yaya, riƙon nan ƙara kumburin yake da ciwon. Ki tashi ki zaga ki sake alwala, ruwan buta guda ne. Kuma tahiyar minti goma sha biyar ko ashirin bayan cin abinci, ko cikin tsakar gida ne kina kai da kawowa, tana motsa hanji fiye da yadda kike zato, ta fi a ci a miƙe bisa tabarma.

Taurin bayan gida kuwa, Allah ya hore mana maganinshi a ƙofar gida. Zogalen Jiratawa ga shi nan ana kawowa kullum, kwaɗon zogale ko na rama, miyar kuka, kuɓewa, yakuwa, gwanda, mangwaro lokacinshi, dabino, kunun tsamiya, tuwon gero da ba a surhe shi ƙal ba. Sai dai ki ƙara a hankali, in kika tashi rana guda kika cika kwano da ganye iskar za ta fi ta da. Kuma ganye ba ruwa ƙara tauri yake, a zahin Maradi na watan Afirilu da Mayu da ake haura digiri 40 ga ki kuma da gumin dare, litir ɗaya da rabi zuwa biyu shi ne ƙasa, sai in likita ya taƙaita maki ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Wasu na tsoron shan ruwa wai ciki ya riga ya cika, a'a, ƙin sha ba ya rage kumburi. Ki duba sauran magungunan da kike sha ma, ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyom suna taurara bayan gida, metformin na masu ciwon sukari shina tada iska da zawo, diklofenak da ibuprofen da ake sha don ciwon gwiwa suna cin tumbi, wani lokacin su ne masu laihin aka kama homon. In abinci bai wadatar ba a tambayi mai farmasi Forlax, maganin sassauta bayan gida, shi ba ya cika tada iska kamar Duphalac. Filasko da shayin rage tumbi da ake tallarshi a WhatsApp a kiyaye, sau ɗaya ba komi, amma kullum murɗa ne da zawo da rasa ruwan jiki.

Ƙwannahi gajeriyar magana ce: kar ki kwanta sai an yi awa biyu ko ukku da cin tuwo, a ɗaga gehen kai na gado, a rage soye-soye da barkono da shayi mai ƙarhi na dare da goro, na'ana'a tana taimakon iska amma tana iya ƙara ƙwannahi, a sassauta ɗaurin zane.

Abu ɗaya da nike roƙonki da girman Allah kar ki yi: ki gano projesteron ne ke kumbura ki, sai ki aje shi ki ci gaba da estrojen shi kaɗai don shi ne mai kashe zahin. Mace mai mahaifa in ta daɗe tana shan estrojen ba abokin tahiyarshi, bangon mahaifa na yin kauri, kaurin nan kuma shina iya komawa ciwon kansa, wato ciwon daji. Ba abin wasa ba ne. Haka shan yau a tsallake gobe, homon ya rinƙa hawa da sauka, jiki ba zai taɓa sabawa ba, ga zubar jini ba lokaci. Kar ki sayi Lasilix, ƙwayar sa hitsari, wai ki zubar da ruwa, shina kwashe gishirin jini da zuciya ke aiki da shi ya kada tansiyon. Kar ki karɓi ragowar na maƙwabciya ko na kishiya, kar ki aika a sawo maki a tebur ko wajen masu yawo da magani a rana, ko wanda aka ɗauko daga Jibiya ba takarda, homon ba farasitamol ba ne, akwai matan da sam bai halatta su sha shi ba: wadda ta taɓa kansar nono, wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, wadda ta taɓa shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon hanta da ke ci, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinshi ba. Ciwon hanta nau'in B shina da yawa a ƙasarmu, in kin san kina da shi ki faɗa tun ranar farko.

Haƙurin da ake nema wata ukku ne. Yawancin waɗannan matsalolin suna lafawa cikin makonnin farko zuwa wata ukku, shi ya sa ake ba da randebu a lokacin. In abin ya fi ƙarhinki kahin nan ba laihi ki koma da wuri. Ki tahi da littahinki da kwalayen duk abin da kike sha har na gargajiya. Likita na da hanyoyi da yawa: ya rage yawan estrojen, ya canza irin projesteron don wata ba ta jure wanga amma ta jure wancan, ya maida ki daga Utrogestan 200 mg na kwana 12 zuwa 100 mg kullum in yanayinki ya dace, ya ce a sa ƙwayar ta gaba maimakon haɗiya, ko a sa maki robar mahaifa mai homon irin Mirena wadda aikinta ya fi tsayawa cikin mahaifar. In kuma dama bushewar gaba ce kaɗai damuwarki, akwai estrojen ɗan kaɗan na sawa a wurin wanda ba ya cika zaga jiki balle ya taɓa ciki.

Ni a ganina babban abin da ya kamata mai matsalar ciki ta tambaya shi ne a maida ta jel ko filasta. Ƙwaya sai ta bi tumbi ta bi hanta kahin ta shiga jini, na fata kuwa kai tsaye yake shiga, tashin zuciya ya fi sauƙi, haɗarin daskarewar jini ya fi ƙanƙanta, har ma tsakuwar matsarmama, wani babban bincike a Birtaniya kan mata sama da miliyan 1 da aka fitar a 2008 ya nuna masu na fata sun fi masu haɗiya tsira daga ita. Matsalarshi samuwa da kuɗɗi, ba kowace farmasi ke aje shi ba, wani lokacin sai an yo odarshi daga Yamai, don haka kar ki bari sai ya ƙare ƙaf kahin ki nema. In kin samu jel, ki shafa bayan wanka a fata busassa, a cinya ko dantse daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa, ba a nono ba, kuma kar ki shafa a inda ruwan alwala ke kaiwa don za ki wanke shi tun bai shiga ba. Ki bari minti biyar ya bushe kahin ki sa riga, ki wanke hannu da sabuli kahin ki ɗauki jika, kar ki bi wurin da man shafawa nan take. Filasta a ɗuwawu ko ƙasan cibiya ake manna ta ana canza wuri, gumin bazara na iya ɓanɓare ta, in tana yawan faɗuwa ki faɗa a canza maki. Magungunan duka a aje su inda ya fi sanyi a ɗaki, ba bisa taga ko cikin jakar da ke yini a rana ba, ƴan ƙwayoyin Utrogestan masu taushi ne zahi na narka su.

Da azumi a maida ƙwayar estrojen bayan buɗe baki ko sahur, projesteron lokacin kwanciya yadda aka saba, a tsara da likita tun cikin Sha'aban. Kumburin azumi yawanci daga buɗe bakin yake: ƙosai, ruwan ƙanƙara, lemu mai gas, soyayyen dankali, duka cikin minti goma. Dabino da ruwa da kunu tukuna, a yi magariba, sannan a ci a natse.

Sai wadda ta fi duka muhimmanci. Kumburin magani hawa yake shina sauka. Wanda ya zauna daram kullum, sati ukku ko fiye, ciki na ƙara girma, kina cin loma kaɗan ki ƙoshi, mara na ciwo, hitsari ya yawaita, ko kina ramewa ba dalili, wanga kar ki ce homon ne, haka kansar ƙwan mace ke fara sallama kuma ta fi kama mata bayan shekara 50, ana yawan gano ta a makare don kowa na cewa iska ce. Zai iya zama fibrom ne, wato ƙari a mahaifa, ko ruwa a ciki daga hanta, ko olsa, ko tsutsar ciki, ba mai rabe su sai awo. Ki tahi CHR, wato babban asibitin jiha, ko asibitin uwa da yaro ko wajen likitan da ya rubuta maki, ki ce kina so a yi maki eko, wato hoton ciki da mara, akwai kuma awon jini da ake kira CA-125 in ya ga ya dace. Haka in bayan gida ya yi baƙi ƙirin ko da jini kar a ce basir ne a zauna, ko yanayin bayan gidanki ya canza ya ƙi komawa, ko abinci na tsaya maki a ƙirji, ko jini na zuba bayan kin wuce wata shidda da fara maganin.

Waɗannan kuma ba a kwana da su: ido ya yi rawaya hitsari ya yi duhu, ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo har da amai ko zazzaɓi, ƙafa guda ta kumbura ta yi zahi, numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya riƙe, ciwon kai irin wanda ba ki taɓa ji ba, baki ya karkace ko hannu ya mutu. Ki dakatar da maganin, a nemo mota ko adaidaita a kai ki asibiti a daren, kuma wanda ya raka ki ya riƙe kwalin a hannu ya nuna ma likitan gadi tun kahin a tambaya.